Abin da Ya Kamata Ku Sani Kafin Ku Sauke Jif Daga Kwalta

Duk wanda ya bi hanyar Dutsin-Ma daga cikin birnin Katsina da safe, inda manyan makarantu suke jere, su Kwalejin Ilimi ta Tarayya, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, zai ga jif iri-iri suna sheƙi. A kan kwalta duk kanwar ja ce, kowacce tana tafiya lafiya lau. Ba a sanin ta ƙwarai sai an ratse, an kama hanyoyin da ke shiga ƙauyukan ƙasar Batagarawa, wajajen Ajiwa, Bakiyawa, Barawa ko Tsanni, inda burji ke ƙarewa yashi ya karɓa.

Da bazarar bara muka tafi ɗaurin aure wani ƙauye a motar abokina, jif baƙa wuluk, kujerun fata, ga allo kamar na talabijin. Muka zo wani busasshen rafi, ya rage wuta ya shiga a hankali. Tsakiyar rafin motar ta tsaya. Ya taka, tayoyin gaba suka shiga haƙa rami suna watso yashi, na baya kuwa ko gezau. Kafin ka ce kwabo cikinta ya zauna daram a ƙasa. Wani dattijo da ke kora jaki ya tsaya ya leƙa, ya ce, "Sannunku Alhaji. Ai motar taka ƙafa biyu gare ta." Samari shida da shebur biyu suka fid da mu, mun isa an shafa fatiha.

Dattijon ya gama magana. Mu a nan kowace mota mai tudu jif muke ce mata, alhali iri biyu ne. Akwai waɗanda aka gina a kan shasi na ƙarfe mai siffar tsani, aka ɗora bodi a kai aka ɗaure, irin su Land Cruiser, Prado, Hilux da 4Runner. Akwai kuma waɗanda bodin da shasin haɗe suke kamar na ƙaramar mota, aka ɗan ƙara musu tsawo. Highlander da Lexus RX na farko a kan ƙirar Camry aka gina su, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake shigo da su tayoyin gaba kaɗai ke ja. Ba laifinsu ba ne, don kai yara makaranta da doguwar tafiya a kan kwalta aka yi su, kuma a nan sun fi manyan laushi da sauƙin shan mai. Amfanin shasi mai tsani shi ne in taya ɗaya ta faɗa rami ɗaya ta hau tudu, ƙarfen ne ke shan murɗar, bodi ya huta.

Sai maganar jan tayoyi huɗu, abin da direbobinmu ke kira ogzilari. A Hilux da tsofaffin Land Cruiser za ka ga ƙaramar giya kusa da babbar, ko wani maɓallin murɗawa, an rubuta H2, H4 da L4. H2 na kwalta ne, tayoyin baya kaɗai ke ja. H4 yana haɗa gaba da baya su ja tare, na yashi ne da taɓo. Amma fa kada a manta da shi a kan busasshiyar kwalta. A kwana tayoyin gaba sun fi na baya tafiya mai nisa, to in an ɗaure su wuri ɗaya kuma ƙasa ba ta bari su ɗan zame ba, ƙarfin sai ya koma kan farfela da giyabos. Sitiyari ya yi tauri, taya ta cinye, wata rana ka ji ƙas. Prado da manyan Land Cruiser na zamani ba su da wannan damuwa, kullum huɗun ke ja, sai dai suna da maɓallin kulle tsakiya da ake dannawa in ƙasa ta ɓaci.

L4 kuwa shi ne abin da ya raba jif ta gaske da mai kama da ita. Yana rage gudun taya kusan ninki biyu da rabi, ya ƙara mata ƙarfin ja daidai wannan gwargwado. Mota ta koma kamar shanun huɗa, ba sauri, ba tsayawa. Da shi ake hawa gangaren kwazazzabo ba tare da an ƙona kuloci ba, da shi ake sauka ba tare da an danne birki mota ta sulale ba. Ana tsayawa cak a sa giya a furi kafin a shigar da shi.

Ga wani abu da ke ɗaure wa mutane kai: mota mai jan huɗu ma tana kafewa, ka ga taya ɗaya a gaba ɗaya a baya suna juyawa a banza, sauran biyun suna kallo. Dalili yana cikin wannan ƙullin mai kama da kabewa da ke tsakiyar aksil. A cikinsa akwai haƙoran ƙarfe da ke barin tayar dama da ta hagu su yi gudu daban-daban a kwana, in ba haka ba mota ba za ta juyu ba. Aibinsu ɗaya: halin ruwan lambu gare su. Duk wanda ya taɓa ba da ruwa a lambunan bakin dam ɗin Ajiwa ya san in magudana ta ɓalle a gefe guda, nan ruwan duka zai bi, sauran fangali su kwana da ƙishi. Haka ƙarfin inji yake tserewa ta tayar da ta rasa abin takawa. Maganinsa makullin aksil, wanda ke tilasta wa tayoyin biyu juyawa tare. Wasu motocin suna zuwa da shi a baya, 'yan kaɗan gaba da baya. Na zamani kuma kwamfuta ce ke kama birkin tayar da ke juyin banza don ƙarfi ya koma ɗayar. Wannan dabara tana aiki a duwatsu da taɓo, amma a cikin yashi mai zurfi takan rage wa inji wuta daidai lokacin da ake neman ta, shi ya sa masu sani ke kashe maɓallinta kafin su shiga.

Tazarar ciki da ƙasa ba ta buƙatar dogon bayani. Ƙaramar mota tana da kamar santimita 14 zuwa 15, Land Cruiser tana wuce 22. Hanyoyinmu da tifofin yashi da amalanke suka rarake, suka bar tudu a tsakiya, su ne ke cin kwanon baƙin mai da salansa. A duba ko akwai farantin ƙarfe da ke kare ƙasan inji. A kuma lura da bamba mai zubowa da matakalar gefe da ake liƙawa don ado, su ne farkon abin da ake bari a bakin rafi.

Inda nake so a fi tsayawa shi ne taya, domin ita kaɗai ke taɓa ƙasa, kuma ita muka fi wulaƙantawa. Ƙasar Katsina jigawa ce, yashi ya fi taɓo yawa, kuma yashi ba ya jin girman inji. Nauyi yake ji. Mai faci a gari zai ɗura maka iska har awo 40 ko fiye, taya ta yi tauri kamar dutse, in ta shiga yashi sai ta yanka shi ta nutse. In aka sauke iskar zuwa 18 ko 20, sai tafinta ya miƙe ya yi tsawo, nauyin ya bazu, motar ta hau bisa yashin. Dubi sawun raƙumi ka dubi na jaki a wuri ɗaya, za ka ga wanne ya fi zurfi. Direbobin da ke ratsa Sahara daga Agadas zuwa Dirku da wannan suke rayuwa. Sharaɗin shi ne ba gudu, ba murɗa sitiyari da ƙarfi, kuma da an hau kwalta a mayar da iskar, don taya maras iska tana zafi ta fashe. Ƙaramin famfon da ake jona wa batir da ma'aunin iska ba su kai kuɗin taya ɗaya ba.

Wannan ne ma ya sa nake ƙyamar manyan wilin nan na inci 20 da 22 masu siririyar taya. Suna da kyau a ƙofar ɗakin biki, amma babu abin da za a sauke a cikinsu, dutse ɗaya ya ishe su. Wili inci 16 ko 17 da taya mai kauri ya fi. A gefen taya in ka ga H/T ta kwalta ce, M/T mai manyan haƙora ta taɓo ce, tana gurnani a titi kuma tana haƙa a yashi. A/T ita ce tsaka-tsaki, ita ta dace da mu. Akwai kuma lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 mako na 23 ne a 2019. Tayar Beljiyam tana iya zuwa da haƙora cif, shekarunta sun wuce goma.

In damina ta kankama a watan Agusta, rafin da ya kafe mu da yashi shi ne zai cika ya kawo. Kamfanin Toyota ya ƙayyade wa Hilux da Prado na zamani zurfin santimita 70, kuma a ruwa mai kwanciya ake nufi. Abin tsoro shi ne bakin da inji ke shaƙar iska. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, kofi guda ya shiga silinda sai sandar fistin ta lanƙwashe, inji ya tashi aiki. Bututun nan da ake gani ya hau gefen gilashi har rufi don haka aka yi shi, kuma yana rage shan ƙura. In mota ta mutu a cikin ruwa kada a sake tayar da ita, a jawo ta. Ruwa mai gudu kuwa, in ya kai santimita 60 yana iya ɗauke jif sukutum, babu L4 ɗin da zai riƙe ta. A jira ya janye.

Kada a ɗauka sai da tarkacen zamani ake shiga daji. Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975 tayoyin baya kaɗai ke janta, amma sifirin ɗinta mai dogon numfashi da rashin nauyi sun kai ta ƙauyukan da ba a zato, har ta lashe tseren Safari na Kenya a wannan shekarar. A 1987 sojojin Chadi a kan a-kori-kura na Toyota suka fatattaki tankokin Libiya a Fada da Wadi Dum, har yaƙin ya samo suna daga motar. Land Cruiser ƙirar 70 da ta fito a 1984 har gobe ana ƙera ta kusan yadda take, saboda bakanike a ƙarƙashin bishiya zai iya gyara ta.

Tudun jif kuma yana da kuɗinsa. Mota mai tsawo ta fi saurin kifewa in aka kauce wa ɗan acaɓa da gudu a kan kwalta, balle an lafta kaya a rufi. Ga shan mai, wanda tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 ya zama abin lissafi. Wanda tafiyarsa ba ta wuce gida, ofis da Kano ba, nauyin ƙarfe kawai zai riƙa saya wa fetur.

In ka je sayen ta hannu, bar allo da kujeru tukuna, shimfiɗa kwali ka kwanta ka leƙa ƙasa. Ka nemi farfela biyu, ɗaya ta nufi gaba ɗaya baya. Sau da yawa za ka tarar an kwance ɗaya an ajiye, wai don rage shan mai ko gudun kuɗin gyara, maɓalli yana nan a ciki amma ba abin da yake ja. In duka suna nan, ka ce wa dillalin, "Alhaji, mu ɗan taka yashi." Ku sami fili a bayan gari, ka sa H4, ka tsaya ka sa L4, ka sa yaro ya tsaya a gefe ya faɗa maka tayoyi nawa ya ga suna juyawa.