Maganin gargajiya na ƙasar Sin: inda Bature ɗan koyo yake tuntuɓe

A shekara ta 1976 ne ƙasar Sin ta fara aiko da likitocinta nan Nijar, kuma tun daga lokacin da yawa cikinmu suka ji labarin maganin nan da ake yi da siraran allurai waɗanda ba ruwan magani a cikinsu. Mu kam ta hannun masu abin muka gan shi. Turawa kuwa yawancinsu ta hanyar littafi suka san shi, watau ta hanyar fassara, kuma a nan ne wahalarsu take.

A Amurka maganar ta bazu ne a watan Yuli na 1971. Wani babban ɗan jaridar New York Times mai suna James Reston ya je Pekin, sai ciwon apandisit ya kama shi, aka yi masa aiki da maganin kashe zafi irin na asibiti. Bayan aikin cikinsa ya dame shi, aka soka masa allurai, ya sami sauƙi, ya rubuta labarin. Kafin a jima labari ya canza a bakin mutane, har ana cewa da allura kaɗai aka tsaga shi. Faransa ta riga Amurka da nisa, domin George Soulié de Morant, wanda ya yi aikin ƙaramin jakada a ƙasar Sin, ya fara fitar da babban littafinsa kan wannan sani tun 1939.

Saifar da ba saifa ba

Bature ɗan koyo, musamman wanda ya yi karatun likita, idan ya buɗe littafin Sin zai ga kalmomin da ya sani: hanta, zuciya, saifa, huhu, ƙoda. Sai ya saki jiki. Da ya ci gaba sai ya tarar an ce saifa ce ke sarrafa abinci ta raba amfaninsa ga jiki, an ce ƙoda ce ke riƙe da ƙashi da ji da haihuwa, an ce hushi daga hanta yake. Shi kuwa ya san likita yakan cire saifar mutum ɗungum, mutumin ya tashi ya ci tuwonsa ya narke. A nan wani yakan rufe littafin ya ce shirme ne, wani kuma yakan rufe idonsa ya ce asiri ne mai zurfi. Duka biyun sun yi gaggawa.

Abin da ya faru shi ne wannan. Tsofaffin malaman Sin, tun daga littafin Huangdi Neijing da aka harhaɗa kimanin shekaru 2,000 da suka wuce, sun fi kula da aikin da jiki ke yi bisa ga siffar naman da ke ciki. Kalmar pi a wurinsu suna ne na tarin ayyuka: narkewar abinci, ƙarfin tsoka, riƙe jini a hanyarsa. Da Turawa suka kawo ilimin fiɗar jiki, irin su likita Benjamin Hobson na Ingila da ya buga littafinsa cikin harshen Sin a 1851, sai aka ɗauki tsofaffin kalmomin aka liƙa wa gaɓoɓin da ake gani da ido. Kalma ɗaya ta zama tana ɗauke da kaya biyu. Duk wanda ya taɓa zama da takardar ofis yana neman yadda zai juya ta daga Faransanci zuwa Hausa ya san irin wannan rami. Har ma akwai wata gaɓa a lissafinsu, sanjiao, wadda ba mahaucin da zai iya nuna maka ita a kan teburinsa, domin ba nama ba ce.

A nan Bahaushe ya fi Bature sa'a. Idan muka ce zuciyar wane ta ɓaci, ko zuciya ta raya masa, ba wanda zai aika a kira likita. Mutanen Sin ma a zuciya suka ajiye hankali da tunani.

Haka kalmar qi, wadda ake faɗi kusan kamar «ci» namu, amma ba ruwanta da abinci sai ta gefe guda: a tsohon rubutunsu hoton tururi ne bisa shinkafa. Tana nufin numfashi, da iska, da tururi, da ƙarfin da ke motsa abu mai rai. Soulié de Morant ya fassara ta da énergie, hanyoyin da aka ce tana bi kuma ya kira su méridiens, sunan layukan da ake ja a taswirar duniya. Fassarar ta yi daɗin ji, ta kuwa ɓad da mutane da yawa, domin Bature in ya ji énergie sai ya tuna da lantarki da waya, ya ɗauka akwai na'urar da za ta auna ta. Manyan hanyoyin 12 ne, kuma Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, watau OMS, ta daidaita sunayen wuraren sokin allura 361. Amma masu fiɗar jiki ba su sami wata jijiya ko bututu da ya dace da waɗannan hanyoyi ba.

Inuwa da hantsi

Sauran ginshiƙan sun fi sauƙi. Yin da yang asalinsu gefen tudu mai inuwa da gefen da rana ke bugu. Sanyi, dare, hutu da ciki suna wajen yin. Zafi, rana, motsi da waje suna wajen yang. Ba faɗa ne tsakanin alheri da sharri ba, kamar yadda ɗan koyo yakan zata, gama rana na juyawa inuwa ta koma inda hantsi yake. Lafiya ita ce daidaito, cuta kuwa rinjayen ɗaya. Mu da muke cewa sanyi ya kama wane, ko abinci kaza yana da zafi, ba ma bukatar dogon bayani. Sa'an nan akwai abubuwa biyar: itace, wuta, ƙasa, ƙarfe da ruwa, waɗanda aka haɗa bi da bi da hanta, zuciya, saifa, huhu da ƙoda. Kowane yana haifar da na gabansa, kowane kuma yana da mai danne shi, kamar yadda ruwa ke kashe wuta. A ganina wannan sashe ya fi kama da hanyar tsara tunani da hardace darasi, bai kai bayanin yadda jiki yake ba.

Wajen duba marar lafiya kuwa, hanya huɗu ce: kallo, musamman na harshe, saurare da sansana, tambaya, da taɓa jijiyar hannu a wuri uku kowane wuyan hannu. Abin da likitan ke nema shi ne yanayin mutum gaba ɗaya. Saboda haka mutum biyu masu ciwon kai za su iya fita da magani daban-daban.

Fahimta daban, yarda daban

Ɗan koyo yakan ɗauka wannan sani ya sauko ne daga kakanni ba tare da gardama ba. Ba haka ba ne. A 1822 fadar sarkin Sin ta hana aikin allura a makarantar likitocinta. A 1830 wani likita, Wang Qingren, wanda ya duba gawawwaki da idonsa, ya fitar da littafi na gyaran kurakuran magabata. A 1929 hukumar lafiya ta ƙasar ta nemi a soke maganin gargajiya ɗungum, masu sana'ar suka tashi tsaye, maganar ta mutu. Tsarin da ake koyarwa yanzu an shirya shi ne a zamanin Mao, lokacin da aka buɗe manyan makarantu huɗu a 1956, a Pekin, Shanghai, Guangzhou da Chengdu.

To, yana aiki? Amsar ta danganta da abin da aka gwada. A Jamus an buga sakamakon wani gwaji a 2007, kan mutum 1,162 masu daɗaɗɗen ciwon baya. Cikin waɗanda aka yi wa allura bisa ƙa'idar Sin, wajen kashi 48 bisa ɗari sun sami sauƙi. Cikin waɗanda aka soka wa sama-sama a wuraren da ba na ƙa'ida ba, kashi 44. Masu maganin asibiti na yau da kullum, kashi 27. Allurar ta taimaka, amma taswirar ba ta nuna wani babban bambanci ba.

Ta wajen itatuwa ne babbar riba ta fito, kuma mu nan mun ci moriyarta. A 1967 gwamnatin Sin ta kafa aikin neman maganin zazzaɓin cizon sauro. Wata masaniya, Tu Youyou, ta bi dubban tsofaffin haɗe-haɗe, ta tsaya kan qinghao, ɗan uwan tazargade. Gwajin farko bai yi kyau ba. Sai ta lura cewa Ge Hong, malamin ƙarni na 4, jiƙa ganyen ya ambata, bai ambaci dafawa ba. Ta tace shi ba tare da zafi mai yawa ba, a 1972 aka ware sinadarin artemisinin, a 2015 aka ba ta kyautar Nobel. Shi ne tushen ƙwayoyin da ake ba yaranmu a likita lokacin damina. Sai dai a lura: tsohon littafi ya nuna ƙofa ne kawai, awo da gwaji suka fitar da maganin, kuma OMS ba ta yarda a sha shayin ganyen a madadin ƙwayoyin ba, domin ƙarfinsa ba ya da tabbas.

Kuskuren suna kuma yana iya cin rai. A farkon shekarun 1990, a birnin Buruksel na Beljik, wani gidan rage ƙiba ya ba mata ƙwayoyi masu haɗe da saiwar Sin. Saiwar da aka nufa sunanta han fang ji, wadda ta shiga ƙwayoyin kuwa guang fang ji ce, wani tsiro dabam mai dafin da ke lalata ƙoda. Mata fiye da 100 suka kamu. Da yawa cikinsu sai da aka ɗora su kan na'urar wankin jini ko aka dasa masu wata ƙodar, waɗansu kuma ciwon daji ya biyo baya a mafitsara da hanyoyin fitsari.