Magungunan Kashe Ƙwayoyin Cuta: Garkuwa Ko Guba?

Duk wanda ya shaida annobar amai da gudawa ta shekarar 2021, wadda ta yi ɓarna ƙwarai a jihar Sakkwato, ya san darajar sinadarin kulorin. A ƙauyukan Tambuwal da Kebbe, inda jama'a da dama suka dogara ga rijiya da rafi, kaɗan daga cikinsa kan tsabtace ruwan sha, muddin an tace ruwan, an bi awon da aka ƙayyade, sannan an jira minti 30.

Sai dai fa abin da ke kashe ƙwayar cuta bai bar ɗan Adam ba. Gauraya Hypo da sinadarin wanke masai kan tayar da iska mai ƙona huhu, kuma uwargidan da ta ɗura Izal a kwalbar lemo ta ɗana wa ɗanta tarko. Shi kuwa man goge hannu da ya bazu lokacin Korona a 2020, ba ya aiki sosai a hannu mai maiƙo ko ƙasa. Nan sai sabulu da ruwa.

Saboda haka wajibi ne 'yan boko su riƙa karanta wa iyalansu umarnin da ke jikin kwalba, kada garin neman gira a rasa ido.