Faifan Yatsa: Linzamin da Ke Jikin Kwamfutarka

Da yawa daga cikin masu kwamfutar tafi-da-gidanka, ranar da suka saye ta, ranar suke haɗawa da maus, wato linzamin da ake jonawa a gefe. In aka manta shi a gida, aiki ya tsaya. Alhali ga wani linzamin shimfiɗe a ƙasan madannai: ɗan faifan nan mai santsi da ake shafawa da yatsa, kibiya tana bi a kan allo.

Kafin yaɗuwarsa, ƙwallo ake mirginawa da yatsa, ko a tura ɗan jan maɓallin nan da kamfanin IBM ya dasa a tsakiyar madannan ThinkPad a 1992. A 1994 kamfanin Cirque na Amurka ya fito da faifan GlidePoint, kuma a shekarar ce Apple ya sa faifai a jikin PowerBook 500. Daga nan sauran kamfanoni suka bi sahu.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne, wajen motsa kibiya faifan ba nauyin yatsa yake ji ba. A ƙarƙashinsa akwai siraran layukan lantarki, saƙe kamar tabarma, wasu a tsaye wasu a kwance. Jikin ɗan Adam yana ɗaukar lantarki, don haka da yatsa ya sauka, ma'aunin lantarkin wurin sai ya ɗan sauya, na'urar ta gane inda yatsan yake da inda ya nufa. Saboda haka dannawa da ƙarfi wahalar banza ce, shafa kawai yake so.

Wanda ya gane wannan ya gane yawancin matsalolin da ake kuka da su. Marfin biro ko safar hannu mai kauri ba sa motsa kibiya, domin ba sa ɗaukar lantarki. Jiƙaƙƙen hannu ko gumi na ruɗa faifan, domin ruwa na ɗauka. Maiƙon abinci da man da ake shafawa lokacin hunturu su ma suna dusashe jinsa, sai a goge da ƙyalle mai laushi. In kana rubutu ka ga kibiya ta yi tsalle zuwa wani layi, tafin hannunka ne ya gogi faifan, sai ka rage masa saurin ji a sashen saituna. In kuma kibiyar tana rawa ita kaɗai duk lokacin da aka jona wuta, zare caja ka gani. Idan ta natsu, laifin jabun caja ne ko soket, faifan lafiyarsa ƙalau.

Amfani da shi kuwa lissafin yatsu ne. A Windows 10 da 11, taɓawa sau ɗaya zaɓi ne, sau biyu a jere buɗewa. Taɓawa da yatsu biyu tare na fito da jerin umarni, daidai da maɓallin dama na maus. Jan yatsu biyu sama ko ƙasa na tafiyar da shafi. Ware su na ƙara girman rubutu ko hoto, matse su na ragewa. Tura yatsu uku sama na baje dukkan manhajojin da ke buɗe. Don ɗaukar fayil, taɓa sau biyu, kar ka ɗaga a na biyun, sai ka ja. In faifan ya ɗauke gaba ɗaya, duba tukuna, domin kwamfutoci da yawa na kashe shi da maɓallin Fn haɗe da wani na layin sama, kuma akan danna su bisa kuskure.

Alama ɗaya ce ba a wasa da ita. A yawancin kwamfutoci batir yana ƙarƙashin faifan. In ka ga faifan ya tasa ko ya ƙi dannuwa, mai yiwuwa batirin ne ya kumbura, kuma yana iya kamawa da wuta. Kashe kwamfutar, cire caja, ka kai wa mai gyara.

Mai zane da mai dogon aiki a tebur suna da hujjar riƙe maus. Amma ɗalibi a aji da matafiyi a mota, faifan ya ishe su. Ajiye maus ɗinka na mako guda ka gwada, hannu zai saba.