Aure da Baƙo a Mile 12: Wace Takarda Ake Bukata?

Tun ranar 29 ga Janairun 2025, da ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata, tambaya ɗaya ke yawo a rumfunan albasa na Mile 12 da majalisun Agege: mece ce makomar matar da aka auro daga Maraɗi, ko ɗan Damagaram da ya auri 'yar Najeriya ya zauna a Legas? ECOWAS ta ce za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanen waɗannan ƙasashe har sai an sanar da wani mataki. Sassauci ne, kuma mai iyali ba ya gina gida a kan sassauci.

Amsar da aka fi ji ita ce: "Ai tunda na aure ta, ta zama 'yar ƙasa." Ba haka dokar take ba. Sashe na 26 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba baƙuwar da ta auri ɗan Najeriya damar neman zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista. Sai ta nema, ta Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, ta kuma yi rantsuwar biyayya. Baƙon da ya auri 'yar Najeriya kuwa sashen bai ambace shi ba, hanyarsa ita ce sashe na 27, mai sharaɗin zaman shekara 15. 'Ya'yansu dai 'yan Najeriya ne ta wajen uwa ko uba. Matar da ta ƙwanƙwasa ƙofar rajista kuwa, abin farko da za a ce shi ne a kawo shaidar aure.

A nan ne wasu ke gudun gara su faɗa gidan zago. Mutum ya ji ana neman takarda, sai ya ɗauki matarsa ya nufi ofishin rajistar aure na tarayya da ke Ikoyi, yana zaton rasit zai karɓo. Abin da ake yi a Ikoyi ɗaurin aure ne a ƙarƙashin Dokar Aure ta 1914, wanda muke kira auren kotu: a kafa sanarwa ta kwana 21, sannan a ɗaura. Kuma auren mace ɗaya ne. Wanda ya yi shi alhali yana da wata matar, ko ya ƙara aure bayansa, dokar ta tanadar masa ɗaurin da zai iya kai shekara 5.

Bambancin kamar na mai shago ne da ya je karɓo takardar shagonsa, aka miƙa masa yarjejeniyar sabuwar haya ya sa hannu bai karanta ba. Ko direban da ya ɗauko tumatir daga Kano: takardar kaya ba ita ta shuka tumatirin ba, tana dai shaida wa jami'in shinge na wane ne, daga ina ya fito. Ko gonar gado: taka ce tun kafin a auna ta, amma ranar rikici takardar ce ke magana. Auren da aka ɗaura da waliyyi da sadaki da shaidu ingantacce ne, dokar Najeriya ma ta amince da shi. Abin da ya rage masa shi ne rubutu, ba sabon ɗauri ba.

To ina ake rubutun? A fara da masallacin da aka ɗaura, a karɓi takarda mai sunayen ango da amarya daidai da yadda suke a fasfo, da sadaki, kwanan wata da sa hannun shaidu. Kundin Tsarin Mulki ya sa rajistar aure cikin ayyukan ƙananan hukumomi, don haka mazaunin Mile 12 ya tuntuɓi Kosofe, na Agege ya je tasa. Idan takardar za ta tsallaka iyaka, Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja ce ke tantance ta, sannan a kai ofishin jakadancin ƙasar baƙon domin auren ya shiga kundinsu. Wanda ya ɗauro aure a Nijar kuma, ya karɓo shaidarsa a ofishin magajin gari kafin ya hau mota.

Abin da ke ci mini rai shi ne mace ce ke ɗaukar nauyin wannan sakaci. Legas ba ta da kotun shari'ar Musulunci ta gwamnati irin ta Kano. Ranar da maigida ya faɗi, shaidun aure sun watsu tsakanin Sakkwato da Tawa, baƙuwa ce za ta tsaya gaban dangin miji da jami'an shige da fice ba ta da abin nunawa. Hukumomi ba su damu su yi wannan bayani da Hausa a kasuwar da ke ciyar da Legas ba, mu ma mun fi kula da kuɗin goro a kan takarda. Limamanmu da sarakunan Hausawa za su iya farawa da littafi guda a kowane masallaci, kada a shafa fatiha sai an rubuta. Ba a fafe gora ranar tafiya.