Keken Lantarki: Wa Ke Ɗaukar Hasara In An Taɓa Cikinsa?

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwa an janye tallafin man fetur, hawan babur ya koma sai mai hali. Litar da a ke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta ƙetare naira 1,000. Saboda haka aka fara ganin wani baƙon abin hawa yana ratsa Ƙofar Doka, ba ƙara ba hayaƙi, sai dai mutum ya ji iska ta wuce shi. Shi ne keken lantarki. Galibinsa daga ƙasar Sin a ke kawo shi, wanda talaka ke iya kai wa kuwa shi ne mai araha.

A ɗauki misalin wani mai ɗinkin hannu a cikin birnin Zazzau, wanda sana'arsa ita ce aska takwas da 'yar madaka, kullum yana kai riguna Tudun Wada da kasuwar Sabon Gari, wani lokaci har Samaru. Ya kwashi adashi, ya haɗa da abin da ya ranto wurin surukinsa, ya sayi keken. Mai shago ya ce masa, "Alhaji, akwai garanti na shekara guda." Ya hau, ya ji daɗi, amma ya ga 'yan acaɓa suna wuce shi kamar yana tsaye. Sai wani bakanike ya ce masa, "Baba, ai ɗaure shi aka yi. Kawo in kwance maka shi." Aka kwance, aka ƙara batir ɗaya. Keke ya shiga gudu kamar barewa. Bayan wata biyu, ana tsakiyar zafin bazara, ya ji ƙauri, keke ya tsaya cik a Babban Dodo. Ya tura shi har shago. Mai shago ya kwance murfi, ya leƙa, ya ce, "An taɓa. Ba garanti." Gardama ta kaure, kowa na rantsuwa shi aka cuta.

Kafin a san mai gaskiya a cikinsu sai an san abin da bakaniken ya taɓa.

Ran keken nan a wuri uku ya ke. Akwai batir, shi ne rumbun wuta. Akwai inji, wanda a irin masu arahan nan ya ke cikin cibiyar tayar baya, wayoyin jan ƙarfe ne aka nannaɗe, maganaɗisu na kewaye da su. Tsakanin biyun akwai wani ɗan akwati da a ke kira kwantirola, aikinsa aikin mai awo ne, yana ɗibar wuta daga rumbu yana auna wa inji gwargwadon abin da zai iya ɗauka. Maƙeran keken sun auna ukun nan tare, kamar yadda mai jaki ya ke auna mangala da ƙarfin jakinsa. A ƙasar Sin, ƙa'idar da ta fara aiki ranar 15 ga Afrilu, 2019, ta ce kada keken lantarki ya wuce kilomita 25 a sa'a, kada batirinsa ya wuce volt 48, kada injinsa ya wuce wat 400. A Turai ma kilomita 25 ɗin ne, inji kuwa wat 250. Watau ɗaurin da bakanike ya gani, ba mugunta ce ta sa aka yi shi ba.

Kwancewar iri-iri ce. Wani keken waya guda ce a ke cirewa, ko a latsa wasu lambobi a allon da ke bisa kan keken, sai iyakar gudu ta gushe. Wani bakaniken ya kan buɗe kwantirola ya ɗiga darma a kan ɗan ƙarfen da ke auna wuta, sai akwatin ya ruɗe, ya riƙa sakin wuta fiye da yadda ya ke tsammani. Wani kuma ya ƙara batir, huɗu masu volt 12 su zama biyar, 48 ya koma 60. A nan ɓarna ta fi yawa, gama batir biyar in ana cajinsu suna haura volt 70, alhali kuwa kayan cikin kwantirola na 48 sau da yawa iyakar haƙurinsu 63 ne. Ga kuma wani lissafi da ya kamata kowane mai keke ya haddace kamar sunansa: in aka ninka wutar da ke bi ta cikin waya sau biyu, zafin da ta ke haifarwa ninkuwa ya ke sau huɗu. Zafin nan shi ke cinye rufin wayoyin inji, shi ke raunana maganaɗisu. Haka al'amarin birki, keken da ke gudun kilomita 50 yana bukatar ninki huɗu na aikin birkin mai gudun 25 kafin ya tsaya, birkin kuwa na 25 aka sa masa. Wanda ya san lungunan cikin birni, inda yara ke fitowa daga zaure a guje ba sallama, da akuya, da mai tallan fura, ya san abin da wannan ke nufi.

To, mene ne garanti? Alkawari ne da mai ƙira ko mai sayarwa ya ɗauka, cewa in aibi ya bayyana cikin wa'adin da aka yanka, wanda asalinsa daga wurin ƙira ne, shi zai gyara ko ya sake. Ba ya shafar abin da ke ƙarewa da amfani, kamar taya da takalmin birki, ba ya shafar haɗari ko nutsewa cikin ruwan damina, batir kuma sau da yawa wa'adinsa dabam a ke rubuta shi, yakan gaza na sauran keken. Kusan duk takardar garanti tana ɗauke da sharaɗin cewa in aka sāke wani abu ba da izni ba, alkawari ya warware.

Wannan magana ba baƙuwa ba ce a garin malamai. Duk ɗalibin da ya zauna a zauren Ƙona ko Unguwar Juma ya kai babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid, mutumin Ƙairawan wanda ya rasu a shekara ta 386 ta Hijira, ya ji hukuncin wanda ya sayi abu ya tarar da aibi a jikinsa, sa'an nan wani sabon aibi ya auku a hannunsa. Muhtasar na Shaihu Halil, wanda a nan a ke kira Lawwali da Sani, ya ƙara rarrabe mas'alar daki-daki. In sauyin da ya auku a hannun mai saye ƙanƙani ne, kamar babu shi ne, yana da ikon mayarwa ya karɓi kuɗinsa. In matsakaici ne, an ba shi zaɓi, ko ya riƙe kaya a biya shi ƙimar tsohon aibi, ko ya mayar ya biya abin da sabon aibi ya rage. In kuwa sauyin ya fitar da abin daga manufar da aka saye shi dominta, to mayarwa ta kuɓuce, sai ƙimar tsohon aibin kaɗai. Abin lura a nan shi ne, ko a mafi munin hali malamai ba su ce haƙƙin mai saye ya faɗi ɗungum ba. Sun raba tsakanin aibin da ya zo da kaya da aibin da mai saye ya jawo, kowa ya ɗauki nasa.

Abin sha'awa, Amurka ma da ta yi dokar garanti a 1975, wadda a ke kira Magnuson-Moss, kusan nan ta sauka. A dokar tasu kamfani ba shi da ikon soke garanti don kurum an sa wa kaya wani sashe na wani kamfani, ko don wani bakanike ya buɗe. Abin da zai iya ƙi shi ne lalacewar da sauyin ya haddasa. Har a 2018 hukumar ciniki ta ƙasar ta rubuta wa kamfanoni shida gargaɗi a kan irin sharuɗɗan nan, ciki har da 'yar takardar da a ke liƙawa a ce in an ɓamɓare ta garanti ya mutu. A Nijeriya kuwa akwai dokar tarayya ta gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ta kafa hukumar FCCPC. Dokar ta ba mai saye wata uku ya mayar da kayan da ba su cika ingancin da ya kamata ba, a gyara, ko a sake masa, ko a ba shi kuɗinsa, ko da ba a rubuta masa takardar garanti ba. Saboda haka rubutun nan na ƙasan rasit, wai kaya in sun bar shago ba a maido su, bai kai ƙarfin da masu shaguna ke ba shi ba. A fiƙihu ma, wanda ya san aibi ya ɓoye, cewarsa ba ruwansa ba ta kuɓutar da shi.

Yanzu a koma wurin mai ɗinki da mai shago. In kwantirola ce ta ƙone, ko wayoyin inji suka yi baƙi, gaskiya tana wajen mai shago, domin an ɗora wa jaki abin da ya fi ƙarfinsa, kuma mai jaki ne ya ɗora. An je neman ƙiba an samo rama. Amma in da walda ce ta ɓalle a gindin sirdi tun makon farko, ko cajar da aka ba shi ta zo a mace, ko fitila ba ta taɓa kamawa ba, me ya haɗa waɗannan da batir na biyar? Mai shagon da ya fake da an taɓa, ya ƙi gyara abin da tun daga masana'anta ya zo a lalace, ya ci haƙƙi. Tsakanin iyakokin nan biyu akwai wuri mai duhu, kamar sifok da suka tsinke ko birki da ya cinye da wuri, waɗanda ƙarin gudu da ƙarin nauyi na iya zama sanadinsu, ƙarfe marar kyau ma na iya zama. Irin wannan sai an sami masani wanda ba ya cin abincin ɗayansu ya duba, sa'an nan a yi sulhu a raba hasara.

Akwai kuma wata ɓarna da ta fi duk waɗannan, ita ce a mayar da waya inda ta ke, a cire batir na biyar, a kai keke shago a rantse ba a taɓa ba. Wannan algus ne, ba shi da wani suna. Kuma kan mage ya waye. Darma ba ta ɓuya, launin wayar da ta sha zafi ba ya ɓuya. Kamfanin Bosch na Jamus, tun daga injinansa na 2020, ya sa masu wata dabara da ke gane an kwance su, sai inji ya rage ƙarfi da kansa, in aka maimaita sau uku sai an kai shi wurin wakilin kamfani. Sin ma ta fito da sabuwar ƙa'ida wadda ta fara aiki ranar 1 ga Satumba, 2025, ta tsananta wa maƙera su ƙera keken yadda kwance shi zai yi wuya. A Faransa kuwa laifi ne mai tarar da ta kai yuro 30,000.

Ba mai saye kaɗai ke da laifi ba. Wani mai shagon, don kaya su shiga, shi da kansa zai ce wa yaronsa ya cire wayar tun kafin a sallama, yana yabon keken da gudu. In keke ya ƙone kuma ya juya ya ce an taɓa. Wa ya taɓa? Wanda ya kwance da hannunsa, ko ya yi umurni aka kwance, ba shi da bakin kafa hujja da kwancewar. Sai dai kash, cinikinmu na baka ne, garantin ma na baka ne, ranar gardama kuwa baki ba ya barin sawu.

Batun batir ya wuce maganar kuɗi. Wanda ya cire batir na darma ya sa na litiyom, ya ci gaba da amfani da tsohuwar caja, yana wasa da wuta, domin na litiyom mai volt 48 cikarsa 54.6 ne, cajar na darma kuwa tana tura abin da ya fi haka. Mafi haɗari shi ne wanda a ke harhaɗawa da tsofaffin ƙwayoyin batirin kwamfuta, ba tare da kyakkyawan allon da ke tsare caji ba. Wutar litiyom tashi ta ke farat ɗaya da hayaƙi mai guba. A birnin New York, cikin 2023 kaɗai, irin batiran nan sun ta da gobara 268, mutum 18 suka halaka. A Nanjing ta ƙasar Sin, ranar 23 ga Fabrairu, 2024, wuta ta tashi inda a ke ajiye kekunan lantarki a ƙasan wani bene, mutum 15 suka rasu. Gidajen cikin birni kuwa an san fasalinsu, zaure shi ne ƙofa, a zaure a ke ajiye keke, wutar lantarki kuma sau da yawa sai tsakar dare ta ke zuwa, a jona caji a koma barci. In zaure ya kama, ta ina iyali za su fita? Babu takardar garanti da ke biyan wannan.

Wanda ya yi niyyar saye, ya nemi rasit mai ɗauke da lambar keke da ta inji da ta batir, a rubuta masa wa'adin kowanne da abin da ke warware shi, ya tafi da shaidu biyu in takarda ta gagara. In yana son ƙara kariya ta ɗaukar kaya, ko madubi, ko ya sake sirdi, ya tambaya a rubuta cewa waɗannan ba su taɓa garanti ba. In mai shago ne ya ce zai kwance masa gudu, ya ce a rubuta a bayan rasit wanda ya kwance da ranar da aka kwance. In kuwa shi ne da kansa ya ƙudurta sai ya ƙara batir, to ya bari wa'adi ya cika tukuna, ya sake kwantirola da caja da birki su dace da ƙarin, ya kuma fitar da wurin caji daga zaure zuwa tsakar gida.