Ko Ka Sani? Kibod Bai San Inda Kibiyar Maus Take Ba

Idan ka danna harafi, kibod lambar madannin kawai yake aika wa kwamfuta. Shi kansa maus bai san inda kibiyarsa take ba. Iyakar rahotonsa shi ne ya gusa dama kaza, ya yi sama kaza, kuma na gama-gari yakan maimaita haka har sau 125 a daƙiƙa guda. Kwamfutar ce ke tara lissafin, ta ajiye kibiyar inda ya dace.

Ɗalibin Karaye da ya zauna jarrabawar JAMB ya ci moriyar wannan rabuwa tsakanin kibod da maus. A 2017 hukumar ta tsara yadda za a gama jarrabawa da madannai takwas kacal: A zuwa D na zaɓen amsa, N na gaba, P na baya, sai S da R wajen miƙawa ko fasawa. Yaron da hannunsa ke rawa a kan maus ya huta, kuma a ganina adalci ne babba ga 'ya'yan karkara.

Wahalar tana kan mai rubuta manhaja, irin ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, ranar da yake son haɗa kibod da maus. A Blender, manhajar zane, madanni ɗaya yakan canza aiki gwargwadon ɓangaren da kibiya ke kai. To, wa zai gaya wa manhajar wurin?

Ya danganta da gidan da kake aiki. Windows na liƙa wa kowane saƙo matsayin kibiya a lokacin da aka aiko shi, sai ka karɓa da umarnin GetMessagePos. Wanda ya yi gaggawar kiran GetCursorPos kuwa, inda kibiyar take yanzu zai samu, alhali wataƙila hannu ya riga ya ja ta gaba. A burauza lamarin ya fi tsauri, domin saƙon kibod ba ya zuwa da wuri ko kaɗan. Dole ka riƙa rubuta matsayin maus duk sanda ya motsa, kamar mai shago da littafin bashi, ka duba layin ƙarshe idan an danna harafi.

Nan sabon hannu ke tuntuɓe: mutum ya buɗe shafi, bai taɓa maus ba, ya danna harafi, littafin kuwa fayau. Sai ka tanadi wurin farko tun kafin a fara, misali tsakiyar allo.