Abin da kamfanonin inshora ke faɗa wa juna a kanka

A Amurka, idan mutum ya yi fushi da kamfanin inshorar motarsa ya koma wani, sabon kamfanin ba ya dogara da abin da ya faɗa da bakinsa. Kafin ya yanka masa kuɗin da zai riƙa biya, sai ya leƙa wani rumbun bayanai mai suna CLUE, wanda kamfanin LexisNexis ke kula da shi. Galibin kamfanonin inshorar mota da na gida suna zuba bayanan abokan hulɗarsu a ciki, suna kuma ɗiba.

Abin da ke rubuce shi ne sunan mutum, ranar haihuwarsa, lambar takardar inshorarsa, ranar da asara ta auku, irin asarar, ko karo ne ko sata ko gobara, da nawa aka biya shi. Ana riƙe wannan har shekara 7. Ko da kamfani ya ƙi biyan diyya, neman da aka yi yana nan a rubuce. Na gida ya ma fi ɗaure kai, domin tarihin yana bin gidan ne: ka sayi gida bara, gobarar da aka yi lokacin mai shi na farko tana iya sa a tsawwala maka kuɗi bana.

Birtaniya tana da irin nata, CUE, tun 1994, inda bayani ke zama shekara 6. A can ko ka kira kamfani don kawai ka sanar cewa an goge maka mota, ba ka nemi ko sisi ba, ana iya shigar da maganar.

Masu inshorar rai kuwa sun riga kowa. Tun 1902 suka kafa nasu rumbun, MIB, a Amurka. Ba takardun asibiti ake ajiyewa a nan ba, 'yan lambobi ne masu nuni da abin da aka gano lokacin da mutum ya nemi inshora, kamar ciwon sukari ko wasa mai haɗari irin dirowa daga jirgi da laima.

Hujjar kamfanonin tana da ƙarfi, a gaskiya. Akwai masu karɓar diyyar haɗari guda a wuri biyu, akwai masu ɓoye ciwo, kuma asarar a kan masu gaskiya take ƙarewa. Inda gizo ke saƙar shi ne kuskure. Ma'aikaci ɗaya ya rubuta haɗarin wani a kan sunanka, sai duk kamfanin da ka je ya karanta shi a matsayin gaskiya. Shi ya sa dokar Amurka ta bai wa kowa damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara, ya kuma nemi a gyara abin da ba daidai ba.

Kwaɗayin bayanan ma ba ya tsayawa a nan. A 2024 jaridar New York Times ta bankaɗo cewa motocin General Motors suna tattara yadda direba ke gudu da taka birki, ana miƙa wa LexisNexis da wani kamfanin bayanai mai suna Verisk, alhali direbobi da yawa ba su san sun yarda da hakan ba. General Motors ya daina bayan tonon sililin. A ganina wannan ya wuce kare kai daga zamba, leƙen asiri ne.

A Najeriya, ƙungiyar kamfanonin inshora ta ƙasa tana da nata rumbun, NIID, wanda babban aikinsa tantance takardar inshorar mota, saboda yawan jabu. Da lambar mota ake bincikawa, kuma jami'an hanya ma suna iya dubawa. Mai mota, idan wani ya yi maka takarda a bakin ofishin lasisi, duba ta a NIID kafin ka bar wurin. In ba ta fito ba, ka tambayi kamfanin da sunansa ke jikinta, domin wataƙila ba ka da inshora.